Gurbin da Babanka Ya Bari a Ƙyalle

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata takardar nan ta same ka da lafiya da ƙarfin jiki. Allah ya tsare ka daga zafin rana da dukan ruwa, da sharrin na sama da kai da na ƙasa da kai. Mu nan lafiya lau. Kakarka Inna tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Ban ce babanka yana gaishe ka ba, don bai ce in gaishe ka ba, ni kuma ban zauna rubutun nan don in yi maka ƙarya ba.

Ka san ban iya yi maka doguwar magana ba. Kai ne na fari. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na dubi idonka ba. Inna ce ta goya ka, ni kuwa Yaya kake ce mini don haka ka ji ƙannena suna faɗa, har malaman makarantarku suka ɗauka ni yayarka ce. Kunyar ɗan fari na riƙe ta yadda aka koya mini. Amma a takarda ba sai na haɗa ido da kai ba, ga shi an ce a makarantar horon 'yan sandan nan karɓe muku waya ake yi. Don haka ka nemi wuri ka zauna. Dambun naman ka raba da abokanka, yajin ka ɓoye abinka. Ƙullin baƙin ƙyallen da ke ƙasan ledar kada ka kwance shi sai ka kai ƙarshen takardar nan.

Ranar da za ka tafi ka durƙusa a zaure ka miƙa wa babanka hannu biyu. Ina bayan labule, na gani. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ka ci gaba da durƙuso kana jiran sauran, sauran bai zo ba. Bai ce Allah ya yi maka albarka ba. Ka tashi ka ɗauki jaka ka fita. Na san ka tafi da fushi, kana ganin an yi maka rowar abin da ko yaro mai taurin kai ana ba shi a bakin ƙofa. Ni ma fushin nake yi, amma ba da shi ba. Abin da ka sani kawai shi ne 'yan sanda sun taɓa tsare babanka a hanya, hannunsa ya samu matsala. Haka muka gutsura maka lokacin kana makarantar kwana. Yau zan ba ka labarin da tsawonsa.

Ranar wata Asabar ce da hantsi. Babanka ya gama babbar rigar wani ango a Hanwa, aska takwas, wata da watanni yana kanta. Ka san aikinsa a lokacin: babu keke, daga allura sai zare sai idonsa. Mutane har daga Kaduna suke kawo masa shadda su ce ba sa sauri. Ya ce in shirya ya sauke ni gidan suna a Gyallesu, shi ya wuce da rigar. Na hau bayan mashin, rigar na naɗe cikin zane a kan cinyata, ina ta murna don ba kullum yake ɗaukata ba. Har abin da nake tunani ina tunawa: wani littafi da na bari a ƙarƙashin filo saura kaɗan in gama, ina ta saƙa ko za a bar masoyan su yi aure.

Ba mu yi nisa da kasuwa ba sai ga shinge. Tsofaffin tayoyi, katako mai ƙusoshi, motarsu a gindin bishiya. Wani kurtu siriri ya ɗaga hannu. Babanka ya rage gudu yana neman gefe, kafin ya sa ƙafa a ƙasa yaron nan ya kai hannu ya zare makulli. Mashin ya yi tsalle ya mutu. Na zame, gwiwata ta daki kwalta, rigar mutane ta faɗi cikin ƙasa.

Babanka bai ɗaga murya ba, ka san shi. Ya ce, "Haba samari, ka bari in sauke iyalina mana."

Kurtun ya ce, "Takardu."

Ya ciro ya miƙa masa. Yaron ya jujjuya su, ina kallo, ko karantawa bai yi ba. Ya ce, "Tura mashin can."

Babanka ya ce, "To, me na yi?"

"Au, tambayata ma kake yi?"

A nan na buɗe baki. A littattafan da nake karantawa kullum akwai wurin da mace take miƙewa ta faɗi gaskiya, wuri ya yi tsit, azzalumi ya sunkuyar da kai. Na karanta irin wannan har na haddace. Na miƙe ina kakkaɓe hijabi na ce, "Malam, tambaya ai ba laifi ba ce. Ba a zare wa mutum makulli yana tafiya, ka ga ka kayar da ni. In ya yi laifi ka faɗa masa laifinsa."

Wallahi na ɗauka kunya za ta kama shi. Sai ya fashe da dariya ya juya wajen 'yan uwansa. "Kofur, zo ka ji, yau lauya aka goyo mana a mashin!" Sannan ya dubi babanka ya ce, "Tun da ba ka iya riƙe matarka ba, mu bari mu riƙe ka."

Ya ciro ankwa daga ƙugu. Ya ja babanka zuwa bayan motarsu, ya sa ɗaya a ƙarfen motar, ɗaya a wuyan hannunsa na dama. Ya danna. Ina jin haƙoran ƙarfen suna ƙara, ƙat, ƙat, ƙat, bai daina dannawa ba sai da suka ƙare.

Na daɗe ina cewa bakina ne ya jawo masa. Ina kwanciya da maganar ina tashi da ita. Yanzu na daina. Kuskurena shi ne na ɗauka titi littafi ne, amma abin da na faɗa gaskiya ne, kuma da za a maimaita ranar zan sake faɗa. Ka ji ni da kyau: duk mutumin da ka tsayar ya ce maka "me na yi?", haƙƙinsa ya nema, ba rashin kunya ya yi maka ba. Ka ba shi amsa. In ka laluba ba ka da amsa, ka miƙa masa takardunsa da makullinsa ka ce ya sauka lafiya. Mutumin da ya tsaya da kansa, ya kashe mashin, ya miƙa takardu, ina zai gudu? Wa zai doka? An yi ankwa don wanda zai yi ɓarna ko zai tsere. Ba a yi ta don ka rama haushin magana ba.

Abin da na fi jin haushin kaina a kansa shi ne wanda na yi bayan nan. Da na ga ƙarfe a hannun babanka sai lauyar ta gudu ta bar ni. Na zube a kan kwalta da fasasshiyar gwiwa na kama cewa, "Ranka ya daɗe, Yallaɓai, ka yi wa Allah. Ni ce na yi laifi, bakina ne, ka yafe mini." Yallaɓai! Yaron da ko gemu bai gama tsirowa ba. Ya tsaya a kaina yana kaɗa makullin mashin a yatsa, na ɗaga kai na ga fuskarsa, daɗi yake ji. Wannan fuskar ce ba na so in taɓa gani a kanka. Ranar da matar wani ta durƙusa maka a titi, kada ka ɗauka girma ka samu. Ka riga ka yi ɓarna, abin da ya rage ka ɗaga ta ka gyara.

Mutane suka fara taruwa. Masu sayar da lemo, 'yan acaɓa suna rage gudu suna leƙe, har da wani da ke sallah sahu ɗaya da babanka a masallacin layinmu. Ya gan shi ya kawar da kai ya ƙara sauri. Babanka ya juya fuskarsa ga motar. Ni ya ce wa a hankali, "Tashi. Ɗauki rigar mutane ki kakkaɓe."

Can ya ce wa kurtun, "Samari, ta matse ni. Ka ɗan sassauta." Hannun ya fara kumbura, yatsun sun yi wani duhu. Kofur ɗin, wani ɗan dattijo mai furfura a saje, ya leƙa ya ce, "Kai, wannan ta yi yawa, buɗe masa." Kurtun ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya ce, "Makullin ai yana wurin Oga."

Oga kuwa, sajensu, ya hau mashin ɗin wani ya tafi tun kafin mu iso. Ba wanda ya san lokacin dawowarsa. Ka ji fa. Ya rufe ɗan Adam da ƙarfen da ba shi da abin buɗe shi. Ko akuya za ka ɗaure sai ka yi ƙullin da za ka iya kwancewa.

Inuwar bishiya ta matsa ta bar su. Ƙarfen motar ya yi zafi. Aka kira azahar, babanka ya ce a taimaka a bar shi ya yi sallah, aka ce ai babu makulli. Na sayo ruwan leda ina zuba masa a hannun, yana cewa, "Bari, ba na ma jin ruwan." Ban gane nauyin maganar ba sai daga baya. Kofur ɗin ya zo ya tsaya kusa da mu yana sosa ƙeya yana cewa, "Malam, a yi haƙuri." Ga waya a aljihunsa, bai kira sajen ba. Ga mai walda a tsallaken titi, bai aika ba. Ya san abin da ake yi zalunci ne, a idonsa na gani, amma ya zaɓi kada ya ɓata da yaronsu a gaban farar hula. Shi ma ban yafe masa ba. Irinsa za ka fi yawan haɗuwa da su, kuma zama irinsa ya fi sauƙi, don ba a ce ka yi komai ba, kallo kawai za ka yi. In abokin aikinka ya ɗaure mutum babu dalili kana tsaye, ku biyu kuka ɗaure shi.

Sai bayan la'asar sajen ya dawo yana sakace. Ya karɓi takardun ya duba ya ce, "Ai komai ya cika. Wa ya sa masa wannan?" Ya ciro makullin daga aljihunsa. Ya buɗe. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri, ka san yara." Shi ke nan. Ba a kai shi ofis ba, ba a rubuta sunansa ba, ba a faɗi laifinsa ba. Ko na goro ba su nema ba, balle in ce kwaɗayi ne ya ja su. Wuni guda na mutum da hannunsa na neman abinci, don ya ce "me na yi?" kuma matarsa ta yi magana. Bai iya murza mashin ba. Tura shi muka yi har gida, yana riƙe da hagu, ni ina riƙe da rigar ango.

Babanka in yana auna wuyan riga, yatsa biyu yake sawa tsakanin tef da wuyan mutum, ya ce a bar wa mai rai wurin numfashi. In har ranar ta zo da babu makawa sai ka sa wa wani ankwa, don ya ɗauko makami ko yana neman hallaka wani, to makullin ya kasance a aljihunka kafin ka taɓa ta. Ka sa yatsa ka ji akwai wuri. In ya ce maka ta matse shi, ka yarda da shi. Kuma da dalilin ya wuce ka cire.

Da muka shiga layi Malama Rifkatu maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinyar nan, ta gan mu ta biyo mu har tsakar gida. Ta kama hannun, ta tsikari babban yatsa da tsinke, ta tsikari manuni, babanka yana kallonta kawai. Ta ce, "Jijiya ce. Maman Abba, ku je asibiti a duba a rubuta muku, sannan ku kai ƙara. Ni zan raka ku, in na taso coci gobe sai mu tsara." Ni ce na ce a'a. Na ce, "Malama, mu kai ƙarar wa a wurin wa? Mu bar wa Allah." Inna ta ce haka ne. Asibitin mun je, ƙarar ba mu kai ba. Tsoro ne, na lulluɓe shi da sunan tawakkali. Yaron nan yana nan wani wuri, wataƙila yanzu shi ma ana kiransa Oga, bai san ya yi komai ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ya yi. Ban san hannu nawa ya danna bayan na babanka ba. In wani ya zo gaban teburinka yana ƙarar mai kaki irin naka, ka tuna kafin ya iso sai da ya haye tsoron da ni na kasa hayewa. Ka ba shi kujera.

Sannan na ce wa mutane daga mashin ya faɗi. Ka san dalili? Don a garin nan duk wanda aka gani da ankwa ɓarawo ne. Ba a tambayar ko an sake shi. Kafin sati ya zagayo wata ta tare ni a gidan biki tana rage murya, "Ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya rufa asiri. Kayan wa aka ce?" Dangin angon suka aiko a tambaya ko shaddarsu na nan. Mutumin da ake bar wa yadi mai tsada babu shaida! Ku kuna cire ankwa ku maida ita ƙugu ku manta. Shi kuwa wanda aka cire wa, da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa neman wa ɗansa aure.

Yatsun ba su dawo ba. An yi gashi, an yi allurai, an sha na Hausa. Yana ɗaukar allura sai ta zame ta faɗi bai sani ba, sai ya ga zare yana lilo. Wata rana ya zuba allurorinsa a gwangwani ya rufe ya ɗora saman sif. Shi ne ka dawo hutu ka gan shi yana sayar da zare da maɓallai, yana kallon yara suna aikin keke mai burga, ana kiran abin da suke fitarwa ɗinki.

Bari in gaya maka abin da irin wannan yake yi wa gari. Bara, kana wajen kawunka, aka ga wani yaro ya saci mashin a bakin masallacin Juma'a, aka biyo shi har layinmu. Suka rufe shi da duka, da itace, da dutse. Babanka ya fita da gudu ya shiga tsakani yana cewa, "Ku bari! Kada ku kashe shi! A kai shi wurin hukuma!" Sai wani daga cikin taron ya ce, "Malam, kai ne za ka ce a kai mutum wurinsu?" Babanka ya sunkuya ya kama yaron. Da ƙyar shi da liman suka janye yaron zuwa zaure, jini har ƙofarmu. Ina leƙe ta tagar ɗaki, kuma ba zan ɓoye maka ba, a zuciyata na ce mai maganar bai yi ƙarya ba. Ka ga inda aka kai mu. Mutane sun gwammace su kashe da hannunsu da su kira waɗanda aka ɗauka don a kira su. Mota ta buge mutum a titi, kowa ya ja baya, don kada wanda ya taimaka ya kwana a tsare. Ƙanwarka Ummi in ta hango baƙin kaki sai ta shige bayana. Ba wanda ya koya mata. Kowace ankwa da aka sa a bakin titi babu dalili, ba mutum ɗaya aka ɗaure ba, duk masu kallo an koya musu su guje ku.

Kuma duk da haka, ni ce na shuka maka son aikin nan. Tun da ba na iya hira da kai, sai in ɗauko littafi in karanta wa ƙannena da ƙarfi, na san kana bakin ƙofa kana yi kamar gyaran takalmi kake. Hirata da kai ke nan. A cikinsu kullum akwai wani jami'i dogo mai gaskiya, yana isowa a kan lokaci, yana ƙwato yarinyar da aka sace, ba ya karɓar ko ruwa. Bayan abin da ya same mu ma ban daina karanta su ba, sai ma ƙaruwa, don a can ne kawai ake ba wanda aka zalunta haƙƙinsa kafin shafin ƙarshe. Inna ta gaya mini ka ce mata kana so ka zama irin na littafin Yaya. Na shiga ɗaki na rasa dariya zan yi ko kuka. Ban ce ka dawo gida ba. Ka gama makaranta ka zauna babu aiki, na gani. Kuma dole a samu wanda za a kira in dare ya yi wa mutum tsakar rana. Amma a littafi marubuciya ce take tsare jarumin daga lalacewa. Kai babu mai tsare ka sai Allah, sai abin da ka tafi da shi daga gidan nan.

Yanzu ka ji abin da ya riƙe bakin babanka a zaure. Ranar da sunanka ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, bayan ka fita yi wa abokanka albishir, ya zauna ya ƙi taɓa tuwo. Na ce, "Malam, yaron nan fa halal ya nema."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "To mene ne?"

Ya ce, "Wunin nan da na yi a jikin mota, babu abin da nake kallo sai ƙirjin yaron nan. Akwai suna a ɗinke. Nasa, da na ubansa. Fuskarsa ta ɓace mini tuni, amma sunan ubansa yana nan. Wani bawan Allah ne can a garinsu, bai san ni ba, bai yi mini komai ba. Amma duk ranar da abu ya zame daga hannuna sunansa ne yake zuwa bakina, sai na yi ta istigfari kada in tsine masa." Sannan ya ce, "Yanzu sunana ne za a rataya a ƙirji a tsaya da shi a titi."

Ba ƙinka yake yi ba. Tsoro yake ji kada wani dattijo a wani gari ya haddace sunansa yadda shi ya haddace na wancan.

Bayan tafiyarka, wata safiya ina shara sai na ji yana jan kujera. Ya sauko da gwangwanin nan daga saman sif, ya hure ƙura. Ya yanko baƙin ƙyalle siriri, ya ce in kawo guntun sabulun da ake zane da shi. Ya ce, "Ke ce mai kyan rubutun boko. Zana mini sunansa."

Na ce, "Malam, ka san fa ni ba na..."

Ya ce, "Ban ce ki faɗa ba. Cewa na yi ki rubuta."

Na rubuta ina waige-waige kamar mai satar nama a tukunya. Inna tana daga ɗaki tana cewa, "Oh, duniya ta zo ƙarshe, yau 'yar nan ta yi rashin ta-ido." Na ce masa, "Na biyun fa?" Ya ce, "Bar wurin."

Kullum da safe kafin ya fita kasuwa sai ya zauna a zaure da farin zare. Yana maƙale allurar tsakanin yatsan tsakiya da na kusa da shi, yana tura ta da tafin hannu. Tana soke babban yatsan bai sani ba, sai ya ga ja a jikin zaren, ya warware ya sake. Mutumin da ya yi aska takwas. Ina wucewa da bokiti ina kawar da kai, ina jin kamar in fita titi in nemo yaron nan in jawo shi ya zo ya tsaya ya kalla.

Da ya gama ya miƙo mini ya ce, "Ki aika masa. Ki ce in ya zo hutu ya zo da shi. Ba shi zan tambaya ba. Duk inda aka kai shi aiki akwai direbobi da 'yan acaɓa, kuma suna zuwa Zariya. Ranar da na ji abin da ya kwantar mini da hankali, zan cike gurbin da hannuna, in sa masa albarka a gaban kowa."

To, yanzu kwance ƙullin. Haruffan sun karkace, ka gan su. Ka dubi filin da ke gefensu.

Na san za su ba ka nasu na keke, da suna biyu cif, ba za su nemi izininsa ba. Wannan ba na ƙirji ba ne. Ka sa shi a aljihun da ke gefen da ankwa take rataye, yadda duk sanda ka kai hannu sai ka fara taɓa shi. Ni kuma ga tawa: in labari ya iso mini cewa ka ɗaure bawan Allah a bakin titi don ya tambaye ka laifinsa, ko don matarsa ta yi magana, ba sai babanka ya ce komai ba. Ni zan karɓi ƙyallen nan a bakin zaure in mayar da shi gwangwani.

Idris. Ga shi na rubuta a karo na biyu, kuma kada ka saba. Ka dawo mana da ƙyallen a cike maka gurbin.

Allah ya tsare hannunka daga jikin bayinsa, ya tsare jikinka daga hannun miyagu. Ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronsa, ya ba ka ƙarfin cewa a'a ranar da kowa ya yi shiru. Ya kai ka lafiya duk inda aka tura ka, ya dawo da kai zauren nan lafiya, ka durƙusa ka ji sauran maganar. Amin.

Ka riƙe sallah a kan lokaci. Wassalam.

Mahaifiyarka,
wadda kake ce wa Yaya.